Zafin Da Ke Cin Birki: Yadda Faifai Ya Kori Ganga A Filin Tsere



A littattafanmu na hikaya, idan marubuci ya gaji da wani tauraro yana so ya kawar da shi, hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗora shi a mota, ya kama masa hanyar Kaduna, sannan ya ce birki ya tsinke. Mun karanta wannan sau ba adadi, wasunmu ma mun rubuta shi da hannunmu. Amma da wuya ka sami wanda ya tsaya ya tambayi kansa, wai mene ne yake tsinkewa? Birki ba igiya ba ne. A wannan makon za mu bi tarihin wani ƙarfe guda ɗaya da ke ɓoye a bayan tayar mota, wato faifan birki, kuma za mu bi shi ta inda ya fi shan wahala, filin tseren motoci.

A Turai da Amurka akwai ranakun da ake buɗe filayen tsere ga kowa. Mutum zai zo da motarsa ta gudu wadda yake zuwa ofis da ita, ya biya kuɗi, ya sa hular kwano, ya shiga. Abin da ya fi faruwa da sabon shiga shi ne, zagaye na farko da na biyu komai lafiya lau, a na huɗu ko na biyar sai ya taka birki kafin kwana ya ji motar ba ta amsa kamar ɗazu. Ya fito jikinsa na ɓari, wani wari mai kama da na ƙonannen kuloci yana tashi daga ƙafafun gaba. Shawarar farko da zai ji daga abokai ita ce ya cire faifan da motar ta zo da shi ya ɗaura mafi girma. Akwai kamfanonin da wannan kaɗai ce sana'arsu. Shawarar tana da gaskiya a ciki, sai dai yawancin masu bayar da ita ba su san dalilinta ba, kuma dalilin nan ya girme su da shekaru masu yawa.

Bari mu fara da ɗan lissafi, a yi mana haƙuri, ba zai yi tsawo ba. Birki ba ya ɓatar da gudu, juya shi yake yi ya koma zafi, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi idan aka murza shi. Kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun: in ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninka sau huɗu. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,400 tana gudun kilomita 200 a awa, direba ya rage zuwa 80 don ya sha kwana. Zafin da ya fito daga wannan taki guda ɗaya ya isa ya tafasa ruwa kusan lita shida, kuma cikin daƙiƙoƙi ƙalilan ya fito. Yawancinsa ƙafafun gaba ne ke ɗauka, saboda nauyin mota gaba yake rinjaya idan an taka birki. In faifan gaba biyu kowanne kilo 8 ne na ƙarfen zubi, a lissafinmu zafinsu zai ƙaru da kusan digiri 170 a takin nan ɗaya. In kowanne kilo 11 ne, ƙarin bai wuce digiri 125 ba. A titi, direba zai yi irin wannan taki sau ɗaya ya yi mintuna bai sake ba, ƙarfe ya huce. A fili kuwa kwana na gaba yana jiransa bayan daƙiƙa ashirin.

A 1902 aka haifi tagwayen da suka yi ta kokawa shekara hamsin. A Faransa, Louis Renault ya fito da birkin ganga: wani kwanon ƙarfe yana juyawa tare da taya, a cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa, idan an taka feda sai su buɗe su danni cikin kwanon. A Ingila kuma, a birnin Birmingham, Frederick Lanchester ya yi rajistar wata dabara daban: faifai a fili, da wani abu mai kama da awartaki yana matse shi ta gefe biyu. Lanchester mutum ne da tunaninsa ya riga zamaninsa, kuma irin waɗannan mutane ba su cika cin moriyar tunanin nasu ba. Abin da ya samu ya sa a bakin awartakin jan ƙarfe ne. Jan ƙarfe a kan ƙarfe yana ƙara mai tsaga kunne, ga shi titunan lokacin na ƙasa ne, ƙura da tsakuwa suna cinye shi nan da nan. Ganga kuwa a rufe take, ƙura ba ta shiga da sauƙi. Tana da wata fa'idar kuma: juyawar gangar da kanta tana jan takalmin ta ƙara manna shi, don haka ƙafar direba ba ta shan wahala. Ganga ta ci kasuwa. Da Malcolm Loughead ya kawo dabarar tura birki da mai a cikin siririn bututu, kamfanin Duesenberg na Amurka ya sa ta a ƙafa huɗu a 1921, gangar dai aka ci gaba da turawa.

Rufin da ya kare ganga daga ƙura shi ne kuma ciwonta. Zafi yana taruwa a ciki ba shi da ƙofar fita. Ƙarfe idan ya yi zafi buɗewa yake yi, to ganga idan ta buɗe nesa take yi da takalman da ke cikinta, sai direba ya ji feda tana ta nutsewa kafin birki ya kama. Faifai kuwa iska na dukansa ta ko'ina, kuma in ya kumbura, kusantar abin da ke matse shi yake yi. Muddin motoci ba su da gudun kirki, wannan bambanci bai dami kowa ba.

Jiragen sama ne suka fara damuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jirage sun ƙara nauyi da gudun sauka, kamfanonin taya irin su Dunlop a Ingila da Goodyear a Amurka suka duƙufa a kan faifai. Bayan yaƙi, wani attajirin Cincinnati mai suna Powel Crosley, wanda ya yi kuɗinsa da rediyo da firji, ya ɗauko birkin Goodyear-Hawley irin na ƙananan jirage ya sa a 'yan ƙananan motocinsa a 1949. Ba a daɗe ba aka ga matsala. A jihohin da ƙanƙara ke sauka ana watsa gishiri a titi don ta narke, gishirin ya riƙa sa birkin tsatsa yana maƙalewa. A 1950 Crosley ya koma ganga. Sau biyu ke nan faifai yana faɗuwa, kuma duka biyun titi ne ya kayar da shi.

Wanda ya tashe shi karo na uku kamfanin Jaguar ne na Coventry, ƙarƙashin William Lyons. Motarsu C-type ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1951 da birkin ganga, amma injiniyoyinsu sun san inda gizo yake saƙa. A Le Mans akwai wani miƙaƙƙen titi da ake kira Mulsanne, kusan kilomita shida babu kwana a wancan zamani, a ƙarshensa kuma kwana ne mai tsanani zuwa dama. Mota za ta zo da iyakar gudunta ta rage zuwa abin da bai fi gudun cikin gari ba, kuma za ta maimaita haka ɗaruruwan lokuta dare da rana. Jaguar suka haɗa kai da Dunlop. Aikin gwaji ya faɗa kan Norman Dewis, wanda ya shiga kamfanin a farkon 1952. Matsaloli biyu suka fi ba su ciwon kai. Man birki yana tafasa saboda zafin faifai yana bin kalifa, wato awartakin nan, ya isa gare shi. Sannan idan mota ta sha kwana da ƙarfi, faifan yakan ɗan karkace ya ture fad baya, sai a taki na gaba feda ta tafi wayam. Ku ƙiyasta mutumin da aikinsa kullum shi ne ya kai mota gudun da ya wuce kilomita 200 a awa ya taka birkin da shi kansa bai tabbata zai kama ba. Sunan Dewis bai yi tashe kamar na direbobin da suka ɗaga kofi ba, kuma a ganinmu ko littafi guda aka rubuta a kansa bai yi yawa ba.

A 1952 Stirling Moss ya ɗauki Dewis a gefensa suka shiga Mille Miglia, tseren mil dubu a titunan Italiya daga Brescia zuwa Rum a dawo, da C-type mai faifai. Ba su kai ƙarshe ba, sitiyarinsu ya lalace bayan sun fita daga hanya, amma birkin ya riƙe. Bayan 'yan makonni Moss ya ci tsere a Reims ta Faransa, nasarar farko ta mota mai faifai a babbar gasa. A Le Mans ta shekarar kuwa Jaguar kunya suka sha. Tsoron gudun Mercedes ya sa suka canza fasalin gaban motocinsu cikin gaggawa, injinan suka yi ta zafi, duka ukun suka fita da wuri, Mercedes ta ɗauki kofi.

Sai ga 13 da 14 ga Yuni, 1953. Ga wanda yake son fahimtar maganar girman birki, wannan ce shekarar da ya kamata ya tsaya a kai. Jaguar ta zo da inji mai lita 3.4. Ferrari tana da mai lita 4.5 a hannun Alberto Ascari da Luigi Villoresi. Attajirin Amurka Briggs Cunningham ya zo da motarsa C-5R mai injin Chrysler lita 5.4, kuma ita ce ta fi kowace mota gudu a Mulsanne, kusan kilomita 249 a awa. Cunningham ya san matsalar zafi sarai, maganin da ya yi mata shi ne ya ƙara girman ganga har inci 17, manya kamar farantin biki. Wato dai shawarar nan da ake ba sabon shiga a yau, a ƙara girma, ita ya bi, sai dai abin da ya ƙara wa girman ne ya riga ya kai iyakarsa. Direbobin Jaguar sukan bar masu ganga su fara taka birki tun daga nesa, su kuma su ci gaba da danna totur, sai sun matso kwana su taka. A zagaye ɗaya abin da suke ci kaɗan ne. A zagaye sama da 300, da birkin da bai canza hali ba daga yammacin Asabar zuwa yammacin Lahadi, abin ya taru. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka zo na ɗaya bayan sun ci kilomita 4,088, a matsakaicin gudun da ya haura kilomita 170 a awa, karo na farko da wanda ya ci Le Mans ya wuce mil 100 a awa. Moss da Peter Walker suka zo na biyu, Cunningham na uku, wata Jaguar ɗin ta huɗu. Ferrarin Ascari kuloci ne ya kashe ta.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa Rolt da Hamilton sun kwana a mashaya kafin tseren saboda an ce an kore su daga gasar, da safe kuma aka ce su zo su tuƙa. Hamilton ne ya baza shi, manajan tawagar Lofty England da shi Rolt ɗin sun ƙaryata. Mun kawo shi ne don mu ga yadda labari mai daɗi yake danne labari mai muhimmanci. Mutane da yawa sun san zancen mashaya, kaɗan ne suka san zancen faifai.

Yanzu mu zo inda labarin ya yi duhu. A 1955 Mercedes ta dawo Le Mans da 300 SLR, kuma har lokacin ganga take amfani da ita. Gangunan sun yi girman da ba za su shiga cikin wili ba, sai aka shigar da su can cikin jikin motar. Duk da haka injiniyoyin Jamus sun san ba za su ja da faifan Jaguar D-type na awa 24 ba, don haka suka ƙara wani marfi a bayan direba, idan ya ja hannu sai ya miƙe tsaye kamar murfin akwati ya tare iska. Ranar 11 ga Yuni da yamma, Mike Hawthorn na Jaguar yana kokawa da Juan Manuel Fangio na Mercedes. Hawthorn ya wuce Lance Macklin mai tuƙa Austin-Healey, ya dawo gabansa, ya taka birki don ya shiga wurin shan mai. D-type ta rage gudu da saurin da Macklin bai zata ba, ya kauce hagu. A hagun nan Pierre Levegh yana tafe da tasa Mercedes ɗin da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ya hau bayan Healey kamar wanda ya hau tudu, motar ta tashi sama, ta tarwatse, inji da ƙafafun gaba suka ratsa cikin 'yan kallo. Bodin motar na haɗin maganiziyam ne, ya kama wuta, ruwan da aka watsa ya ƙara hura ta. Levegh ya mutu nan take, tare da mutane sama da 80.

Ba za mu ce faifai ne ya kashe su ba, hakan zalunci ne ga tarihi. Binciken hukuma bai ɗora laifi a kan direba ko ɗaya ba, ya nuna cewa filin ne ba a gina shi don irin wannan gudu ba: babu abin da ya raba wurin shan mai da hanyar tsere, kuma tsakanin mota da jama'a sai ɗan tudun ƙasa. Amma ba za a iya ba da labarin ranar a tsallake birki ba. Mota ɗaya ta iya tsayawa da wuri fiye da abin da na bayanta ya saba gani, a hanyar da faɗinta bai ba da damar kuskure ba. Mercedes ta janye motocinta cikin dare alhali tana kan gaba, a ƙarshen shekarar ta bar tsere gaba ɗaya na tsawon shekaru. Siwizalan ta haramta tseren zagaye a ƙasarta. Hawthorn da Ivor Bueb suka ci tseren.

Daga nan faifai ya fita daga fili ya shiga titi da sauri. A Oktoban 1955 Citroën DS ta bayyana a baje kolin motoci na Faris da faifai a gaba. Triumph TR3 ta bi a 1956, Jaguar XK150 a 1957, Porsche 356 C a 1963, Chevrolet Corvette a 1965. Enzo Ferrari ya daɗe yana taurin kai. Direbansa Peter Collins ya sa an ɗaura wa motarsa ta hawa faifan Dunlop a Ingila, kuma bayan Collins ya mutu a tseren Jamus a watan Agustan 1958, faifan nan aka ciro aka ɗaura wa motar tseren Hawthorn don gasar Monza. Hawthorn ya zama zakaran duniya a shekarar da tazarar maki ɗaya tak a kan Moss. Mu ma abin ya iso mu ta hanyar da muka sani: Peugeot 504 da ta fito a 1968 da faifai ƙafa huɗu ta fara, ita ce kuma motar da aka shiga harhaɗawa a Kaduna daga 1975, shekarar da ta ci gasar Safari a Kenya.

Da kowa ya koma faifai, sai gasar ta koma ta girma da iska, kuma a nan ne shawarar da muka fara da ita ta samo asali. Ford GT40 Mark II ta 1966 tana da inji mai lita 7, ga nauyi, tana isa ƙarshen Mulsanne da gudun da ya haura kilomita 320 a awa. Faifanta yakan yi ja kamar garwashin maƙera, ya huce a miƙaƙƙen titi, ya sake yin ja, har ya tsattsage. Babu wurin ƙara masa girma a cikin wili. Phil Remington, makanikin tawagar Carroll Shelby, ya yi dabarar da za a cire faifan a ɗaura sabo cikin ɗan lokaci idan mota ta tsaya shan mai, tunda dokar gasar ba ta hana ba. Ford ta zo na ɗaya da na biyu da na uku. A shekarar da ta biyo baya Dan Gurney ya yi wani maganin wanda ba a sayarwa a shago: yakan ɗaga ƙafarsa daga totur tun da sauran tafiya kafin kwanar Mulsanne, ya bar iska ta rage masa gudu, sannan ya taka birki a hankali. Shi da A. J. Foyt suka ci tseren 1967.

Misalin da ya fi kama da na mai motar gida shi ne na Porsche 911 Turbo. Ta farko, ta 1975, an yi ta kuka da cewa ƙarfin injinta ya fi ƙarfin birkinta. A 1978, da aka ƙara injin zuwa lita 3.3, Porsche ta ɗauko tsarin birkin motarta ta tsere 917, wadda ta ci Le Mans a 1970 da 1971: faifai mai kauri da hanyoyin iska a tsakiyarsa, da huji-huji a fuskarsa, da kalifa mai fistin huɗu. Abin da kamfanonin kayan ƙari suke sayarwa a yau a cikin kwali shi ne wannan, an dai canza ma'auni.

To mene ne babban faifai yake ba mai shi? Abu biyu. Yana da jiki mai yawa da zai shanye zafi da fuska mai faɗi da za ta zubar da shi, kamar yadda lissafinmu na farko ya nuna. Sannan kalifa tana kama shi nesa da tsakiya, kamar yadda bakanike yake ƙara wa sifana tsawo da bututu idan noti ya ƙi kuncewa. Daga milimita 300 zuwa 350, ƙarfin riƙon ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin shida. Abin da ba ya bayarwa shi ne wanda masu saye suka fi sa rai a kai. Ba ya rage tazarar tsayawa a taki na farko. Duk motar zamani mai lafiya, birkinta na asali ya isa ya daskarar da taya, kuma daga inda taya ta fara sulɓi, magana ta koma tsakanin roba da kwalta. Amfanin babban faifai sai a taki na goma da na hamsin.

Yana kuma da kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali. Sau da yawa wilin da motar ta zo da shi ba zai rufe shi ba, sai an sayi mai inci 18 a madadin mai 17, da sababbin tayoyi huɗu. Nauyin da aka ƙara a ƙafa ya fi na cikin but illa, domin shi ne yake tsalle da taya a kan kowane gargada, shi ya sa masu tsada suke yin tsakiyar faifan da alminiyam. Wanda ya fi haɗari shi ne a ƙara wa gaba ƙarfi a bar baya yadda yake. Injiniyoyin kamfani sun auna rabon aiki tsakanin ƙafafun gaba da na baya, in aka ɓata ma'aunin sai gaba ya daskare alhali baya bai yi nasa aikin ba, mota ta ƙara tazarar tsayawa bayan an kashe kuɗi don ta rage. Shi ya sa tsofaffin hannu a filin tsere suke cewa a fara da mai araha: fad mai jure zafi, bututun da zai kai iska ga faifai, da sabon man birki. Man birki yana shan danshin iska. Mai lamba DOT 4 idan sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin ya sauko zuwa 155. Da yawan wanda ya ɗora wa faifansa laifi, mai ne ɗan shekara uku ya tafasa masa.

Manyan masu tsere su ma wili ne ya daure su. Shekaru da dama dokar Formula 1 ta tsayar da wili a inci 13, faifai bai wuce milimita 278 ba, ƙasa da na motocin iyali da yawa. Tunda babu damar girma sai aka canza abin da ake yin sa da shi. Dunlop ta yi wa jirgin Concorde birkin kabon, tawagar Brabham ta kawo dabarar cikin Formula 1 a 1976. Kabon ba shi da nauyi, yana jure zafin da ya kai digiri dubu, aibinsa shi ne ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, don haka bai dace da mai zuwa kasuwa da safe ba. A 2001 Porsche ta fara sayar da faifan haɗin kabon da tangaran a motarta 911 GT2. Sai a 2022, da aka koma wili mai inci 18, faifan gaba na Formula 1 ya kai kusan milimita 330.

Mu koma ga tauraronmu da ke kan hanya. In har sai mun kashe shi da birki, to mu sauya masa hanya, miƙaƙƙen titin Kaduna ba ya zafafa birki. Mu kai shi gangaren Hawan Kibo a Filato, mota cike da kaya, ƙafarsa a kan feda tun daga sama maimakon ya sa ƙaramar giya. Daga nan muna da zaɓi biyu, kuma kowanne da yadda ƙafa take jinsa. In fad ne ya ƙone, fedar tana nan da taurinta, yana dannawa da duk ƙarfinsa, motar dai tana tafiya kamar an shafa wa faifan sabulu, wari ya cika ciki. In mai ne ya tafasa, kumfa ta shiga bututu, fedar za ta yi laushi ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba, ya ɗago ya sake takawa, ya sake, wataƙila a na uku ta ɗan kama. Bayan awa ɗaya, lokacin da jami'an kiyaye haɗurra suka iso, ƙarfen ya huce, kumfar ta koma mai. Wani daga cikinsu zai leƙa ta tagar da ta fashe ya danna fedar da hannu, ya ji ta da tauri, ya rubuta a takardarsa cewa birki lafiyarsa ƙalau.